Masu Dafa Tawada

A layin 'yan littattafai na Kasuwar Kurmi a Kano, inda ake jingine alluna, a rataye gafakoki, a ɗaure alƙaluman gamba dami-dami, akwai baƙaƙen kwalabe da ake jerawa a bakin rumfa. Wasu tsofaffin kwalaben magani ne, wasu gororin lemo. Babu tambari a jikinsu, babu sunan kamfani. Duk wanda ya miƙa hannu zai ɗauka, mai rumfa kan tare shi da tambaya: "Allah gafarta malam, ta allo ko ta takarda?" A kan amsar nan sana'ar ta rabu gida biyu. Ta allo an yi ta ne don a wanke ta gobe da safe. Ta takarda kuwa ana so ta zauna har jikoki su karanta.

Ta allo ita ce tawadar zuge, wadda kowane kolo ya buɗi ido da ita a tsangaya. Itacen aduwa aka fi so. A ƙona shi ya zama gawayi, a kashe wutar kafin ya koma toka, a kankare, a daka, a tankaɗe da ƙyalle mai laushi. Gefe guda an jiƙa ƙaro ya kwana, an dafa, an tace. Sai a haɗa su a yi ta damawa har tsakin gawayin ya mutu. Wasu da baƙin gindin tukunya suke yi. Sharaɗinta biyu ne: ta fita tas idan an wanke allo, kuma kada a sa mata abin da zai cuci ciki, tunda da ita ake yin rubutun sha. A kan takarda baƙinta yana da kyau, rana ma ba ta koɗar da shi, amma a bisa fuskar takardar take zama. Yatsa mai gumi ya taɓa, ko ɗaki ya yi yoyo da damina, sai shafi ya caɓe.

Don haka alaramman da zai zauna ya rubuta izu sittin da ka, aikin watanni, ba ya yarda da zuge. Yambar yake nema, wasu su ce yambari, tawadar da mutanen Barno suka yi suna da ita, kuma a nan ne ake gane gwanin sana'a.

Kayanta uku ne: bagaruwa, ƙarfe, ƙaro. 'Ya'yan bagaruwa da rani suke bushewa, mata da yara su tsinto a daji su kawo kasuwar ƙauye. Mai tawada ba shi ke yanka musu farashi ba. Majema ne manyan masu saye, buhu-buhu suke kwasa don jimar fata, shi kuwa 'yan mudu kaɗan ne bukatarsa, saboda haka duk yadda majema suka bar kasuwa haka zai same ta. Abin da yake dubawa shi ne kwanson da ya bushe a kan uwarsa, wanda ruwan sama bai doka ba, ƙwaro bai huda ba. Yakan gutsiri kaɗan ya tauna. Idan baurin ya kama masa harshe nan take, bagaruwar tana da ƙarfi. Idan salam ya ji, ya ajiye ya yi gaba, domin baurin nan shi ne ran tawadar.

Ƙarfe kuma daga maƙera yake fitowa. Kashin maƙera, wato dunƙulen da ke taruwa a gindin wutar zuga, shi ne na asali, kuma sau da yawa maƙeri ba ya karɓar ko kwabo a kansa, sai dai a ce Allah ya sa albarka. Inda babu, tsofaffin ƙusoshi da guntayen fartanya masu tsatsa suna yi. Ƙarfe mai fenti, ko mai maiƙon inji, ko kwanon rufi mai tutiya, duk ba a kusantarsu. Shi ƙaro shi ne mai cin kuɗi. Na dakwara, fari mai haske, wanda ake tsagar bishiya a tara a Yobe da Barno da Jigawa, shi ne na ɗaya, kuma shi ɗin ne kamfanonin lemo da na magani na ƙasashen waje ke rububi. Mai tawada da ke neman rabin mudu yana gogayya ne da 'yan kasuwar da ke loda tirela. Rikicin arewa maso gabas da ya faro a 2009 ya hana mutane da yawa shiga dajin ƙaro, sannan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro a duniya, ya ƙara dagula kasuwar.

Aikin kansa ba ya son gaggawa. Ana ɓarza bagaruwa a turmi, a fitar da ƙwayar, a jiƙa kwanson a tukunyar ƙasa wadda ba a dafa komai a ciki sai tawada. Bayan ya jiƙu a ɗora a wuta marar ƙarfi, ya yi ta tafasa a hankali har ruwan ya koma launin shayi mai kauri. A sauke, a tace, a jefa ƙarfen. Akwai masu gasa kashin maƙeran ya yi ja kafin su tsunduma shi, akwai masu sa shi da sanyinsa su rufe tukunya su bar ta kwanaki, kullum a buɗe a motsa. A hankali ruwan ke juyawa, daga ja zuwa wani baƙi mai ratsin shuɗi, da wari irin na tsatsa. Sai tata, ba sau ɗaya ba, da ƙyallen da ya fi na baya laushi kowane karo, domin ƙwayar tsaki ɗaya a tsagin alƙalami tana iya ɓata harafi a tsakiyar aya. Ƙaro shi ke shiga a ƙarshe, kaɗan-kaɗan, ana zubawa ana gwadawa a gefen takarda.

Ma'aunin nan ba a rubuce yake ba. Ƙaro ya yi kaɗan, tawada ta tsinke, ta zubo daga bakin alƙalami ta yi ɗigo, ta nashe a takarda. Ya yi yawa, rubutu ya yi ƙyalli, ya riƙa tsagewa da hunturu, da damina kuma ganye ya manne da ɗan'uwansa, ranar da aka zo rabawa a ɗaye rubutun. Waɗannan biyun ana ganinsu da wuri, mai saye ya dawo ya yi ƙorafi a gyara. Na ukun shi ne mai ban tsoro. Idan ƙarfe ya rinjayi bagaruwa, tawadar takan fito baƙa wuluk, ta burge kowa, amma a hankali take cin takarda. Bayan shekaru masu yawa sai a ɗaga ganye a ga haske yana ɓullowa ta cikin haruffa, wani wuri ma harafin ya faɗo ya bar gurbinsa. Lokacin nan mai tawada da alaramman duk sun riga mu gidan gaskiya, babu wanda za a tuhuma. A ganina wannan shi ke ɗaga darajar sana'ar: mutum ya tsare ma'auni a kan aibin da ba za a taɓa kama shi da shi ba. Masu tsoron Allah a cikinsu sukan gwammace tawada ta fito da ɗan haske, bagaruwa ta ɗan fi yawa, da su burge mai saye yau su cuci littafi gobe.

Abin da ke faruwa a tukunyar nan masana sinadarai sun yi bayaninsa. Baurin bagaruwa sinadarin tanin ne. Idan ya gamu da narkakken ƙarfe, sukan zama ruwan da ke ratsa zaren takarda, sannan iska ta juya shi ya koma baƙin da ruwa ba ya narkarwa. Shi ya sa yambar ke fita dishi-dishi a bakin alƙalami, kafin gari ya waye ta yi duhu. Dukawa sun san wannan tun tuni ta wata hanyar: kuloko, ruwan ƙarfen da suke shafa wa fata ta yi baƙi, yana kamawa ne saboda da bagaruwa aka jeme fatar. Turawa ma ɗaruruwan shekaru da irin wannan tawada suka yi rubutu, sai dai su wani ƙullutu da ƙwaro ke haddasawa a jikin wata bishiyar ƙasarsu shi ne bagaruwarsu.

Shaidar ingancinta tana nan a ajiye. Duk wanda ya ga tsofaffin rubuce-rubuce a Gidan Arewa da ke Kaduna, ko gidan tarihi na Jos, ko ɗakin littattafan Waziri Junaidu a Sakkwato, ya ga rubutun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da na bayansa, launinsa ya koma ruwan ƙasa mai duhu amma ana karanta shi sarai. Wata Ba'amurkiya masaniyar adana littattafai, Michaelle Biddle, ta bi irin waɗannan ɗakuna ta yi nazarin tawadarsu, ta buga sakamakon a 2011, har da hanyoyin haɗi da ta tattaro daga bakin malamai.

Sai dai mutanen da suna da gatan da na yanzu ba su da shi, wato takarda. Wadda suka yi aiki da ita, mai alamar wata uku idan an ɗaga ta a haske, daga arewacin Italiya take, yawancinta daga masana'antar gidan Galvani, ta biyo Tarabulus da Masar ta keto Sahara a bayan raƙuma. Da tsumma ake yinta, an shafe fuskarta da wani danƙo da ke hana ruwa nutsewa, malam kuma ya ƙara goge ta da dutse mai santsi kafin ya fara. Takardar littafin makaranta ta yau da itacen da aka niƙa ake yi, danƙon kaɗan ne, wata ma kusan babu. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biyan bukatar ƙasar, daga waje ake shigo da mafi yawa, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 mai araha ce ke cika kasuwa. A kan irin wannan takarda tawada mai ruwa-ruwa takan yi gashi a gefen harafi, ta ɓullo ta bayan shafi. Mai tawadar kirki ya koyi tambayar mai saye irin takardar da zai yi aiki da ita, ya ƙara kaurin haɗin gwargwadon haka.

Baƙa ba ita kaɗai yake sayarwa ba. Alƙur'anin hannu na ƙasar nan, a ruwayar Warshu, yana bukatar ja don wasali, ruwan ɗorawa don ɗigon hamza, da kore don alifin sadarwa, ga masu zayyanar allon sauka da ke son launi iri-iri. Da can daga jar ƙasa da duwatsu da tsirrai ake fitar da su. Yau galura ce, ta gwangwani, a dama da ruwan ƙaro. Tana da sauƙi da haske, amma rana tana cinye ta.

To ina ribar? Kashin maƙera kusan kyauta ne, bagaruwa ba ta da tsada, ƙaro da itacen girki su ke cin mafi yawan jari, sai kuɗin kwalabe da ake saye wurin 'yan gwangwan a wanke, da kuɗin mota zuwa kasuwa, wanda ya yi tsalle bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Kwanakin da aka yi ana jira da tata ba wanda ke sa su a lissafi. Mai dafawa yakan ba mai rumfa a kan sari, mai rumfa ya ɗora nasa, kuma abin da ke kan kowace kwalba ɗan kaɗan ne ƙwarai, sai an sayar da yawa ake ganinsa. Zuge ce ke kawo kuɗin cefane, domin kullum ana wanke allo. Yambar jefi-jefi ake nemanta, amma mai nemanta ba ya tsananta ciniki. Kasuwa takan buɗe bayan kaka, lokacin da malamai ke tasowa da almajiransu ci-rani, ta ja baya da damina, lokacin da kowa ya koma gona, tawadar ma fumfuna ke damunta. Ga bashi. Yawancin masu saye malamai ne da gardawa, wasu a gabansu mai tawadar ya yi karatu, ba ya iya buɗe baki ya ce a biya. Wata kwalbar sadaka ce tun daga tukunya. Shi ya sa da wuya ka sami wanda tawada kaɗai ke riƙe da gidansa: yana noma, ko ɗinkin hula, ko fiƙe alƙaluma, ko shi ma yana da 'yan almajiransa. Hayaƙin aduwa yana cin ido, tsugunno yana cin baya, farce kuwa ya yi baƙin da sabulu ba ya fitarwa. Aduwar ma masu gawayi sun rage ta a kusa da gari.

Akwai wani mai saye da kan ɓullo lokaci-lokaci, ba da alƙalamin gamba ba. Tsohon malamin makaranta ne, ko magatakarda, ko ɗan kasuwa mai littafin bashi, riƙe da alƙalamin ƙarfe mai tsotsar tawada a cikinsa, irin Parker ko Hero na ƙasar Sin da aka yi yayi kafin biro ya mamaye ko'ina. Ya gaji da rubutun da ruwa ke wankewa, ya ji labarin yambar. Mai tawada na gaskiya zai ce masa, "Alhaji, wannan ba ta alƙalaminka ba ce." Ya kuwa faɗi daidai. Hanyar da tawada ke bi a cikin irin wannan alƙalami siririya ce ƙwarai, ƙaro yana bushewa a ciki ya toshe ta, ƙarfen yambar kuma ya ci bakin. Zuge ta fi muni.

Amma ilmin mai yambar shi ne zai yi wa Alhajin jagora a kantin kayan rubutu. Yawancin tawadar kwalba, irin shuɗiyar da 'yan makaranta suka sani, rini ce kawai a cikin ruwa, an ma yi ta ne don ta fita daga riga. Wadda ke zama iri uku ce. Ta farko ƙanwar yambar ce, tanin da ƙarfe, an tace ta sosai, an rage mata kaifi, ba ƙaro, an ɗan sa shuɗi don a ga abin da ake rubutawa kafin ta yi duhu. Irinta ce masu rajistar aure da haihuwa a Ingila suka daɗe suna aiki da ita, kamfanin Diamine yana sayar da ita da sunan Registrar's, Rohrer & Klingner na Jamus yana da Salix, Hero kuma yana da mai lamba 232. Ta biyu ƙanwar zuge ce, gawayi ne da aka niƙa ya yi laushin da zai bi ta cikin alƙalami, da wani danƙo na zamani da ke riƙe shi idan ya bushe, irin Carbon Black ta kamfanin Platinum na Japan. Ta uku rini ne da ke ƙulluwa da zaren takarda, wadda Noodler's na Amurka ya yi suna da ita.

Ga mai rubutun yau da kullum a takarda mai araha, ni ta farkon zan nuna masa. Ba ta kwarara da yawa, saboda haka ba ta cika yin gashi ko ɓullowa ta baya ba, tana bushewa da wuri, kuma idan ta kwana ruwa zai ɗauke ɗan shuɗin ne kawai ya bar baƙin. Sharaɗinta shi ne a riƙa rubutu da alƙalamin kullum, a wanke shi da ruwa duk bayan 'yan makonni, kada a bar ta ta bushe a ciki, kada kuma a gauraya ta da wata. Mai gawayin ta fi jure rana, amma ta fi son wanki, kuma a takarda mai santsi takan ɗan goge. Baki siriri ya fi dacewa da takarda marar kyau, tunda tawadar da yake saki kaɗan ce. Gwajin kuwa na masu yambar ne, bai canja ba: a yi layi biyu a kan ainihin takardar da za a yi aiki da ita, a juya a duba baya, a bar shi ya kwana, a tsoma a ruwa. Mai haƙuri ya rufe rabin rubutun ya ajiye a taga wata guda ya kwatanta.

Injin buga littattafai ya rage wa masu yambar kasuwa, wannan ba a musu. Alƙur'anin da marubuta irin su Sharu Bala Gabari na Kano suka rubuta da hannu, an ɗauki hotonsa an buga dubbai, kowa ya samu da sauƙi, kuma alheri ne. Duk da haka gardi ba ya cika alaramma a idon tsangaya sai ya zauna ya rubuta nasa da ka, kuma har yanzu akwai masu hali da ke sayen na hannu su ajiye ko su yi kyauta da shi. Irin wannan marubuci ba ya sayen kwalba ɗaya-ɗaya, domin tukunya biyu ba sa taɓa fitowa launi ɗaya, kuma ba ya so Baƙara ta yi duhu Nasi ta yi haske. Yakan aiko tun kafin ya yanka takarda a dafa masa tukunya guda tasa shi kaɗai, ya ba da rabin kuɗi, sauran sai ya sayar. Mai tawada kan dafa fiye da abin da aka ce, ya cika masa jarka, ya rufe ragowar a wuri mai sanyi da sunan alaramman, saboda kurtu yana kifewa, kuma hunturu yana shanye tawada fiye da yadda marubuci ke zato.